Sharhi kan TObjectList na Delphi: jerin da ke goge kayansa da kansa

A Delphi, wato kayan aikin rubuta manhajar kwamfuta, na yi aiki da TObjectList<T> da TObjectDictionary a manhajar lissafin buhuna ta wani injin casar shinkafa a Birnin Kebbi, irin wadda ake kunnawa da safe ba a rufe ta sai dare. A irin wannan manhaja, duk abin da aka ƙirƙira ba a goge ba yana nan zaune a memori, kafin la'asar kwamfuta ta fara jan ƙafa. Azuzuwan (classes) nan biyu, masu riƙe tarin abubuwa, sun magance wannan, amma suna gogewa ne shiru, kuma a nan mutane ke ƙonewa.

Sun zo da Delphi 2009, yanzu suna cikin System.Generics.Collections. TList<T> jeri ne na gama-gari, ba ruwansa da abin da ka zuba masa, kai za ka bi su ɗaya-ɗaya da Free, umarnin gogewa. Shi kuwa TObjectList<T>, in ka kira Create ba ka ce komai ba, OwnsObjects yana kan True, wato jerin ne ya mallaki kayan da ke cikinsa. Daga nan Remove, Delete, Clear da rushe jerin kansa duk suna goge abin. In so kake ka ɗauke rasit daga jerin bashi zuwa jerin waɗanda suka biya, Extract za ka kira, shi ne ke miƙo maka abin da ransa.

Tarkon da ya fi ɓoyuwa shi ne Jeri[3] := Sabo. Wannan layin ya riga ya goge tsohon abin da ke gurbi na 3. Saboda haka musanya gurbi biyu da hannu, yadda aka saba da lambobi, zai bar ka riƙe da gawa. Exchange da Move ba sa gogewa, Sort ma haka. Kuma ɓarnar ba ta bayyana nan take, don wurin da aka goge a memori yakan riƙe tsoffin bayanai har sai an ba wani abu shi. Sai can wajen buga rahoto ka ga Access violation, ka yi ta lalube inda babu laifi.

Abu ɗaya a jeri biyu masu mallaka kuwa, tuƙa jirgi ɗaya ne da matuƙa biyu: kowa zai kira Free, na biyun ya faɗi, galibi da Invalid pointer operation. Jerin tacewa ko na nunawa a allo, a ƙirƙire shi da Create(False).

TObjectDictionary, mai ajiye kowane abu da makullin (key) nemansa, ya fi burge ni, don sai ka furta [doOwnsValues] da bakinka kafin ya mallaki kayan. AddOrSetValue yana goge tsohon, ExtractPair ba ya gogewa. In makullinka rubutu ne ko lamba, kada ka sa doOwnsKeys, tun a Create zai jefo EInvalidCast. Abin da ban so ba shi ne TObjectStack da TObjectQueue: Pop da Dequeue nasu ba sa dawo da komai, gogewa kawai suke yi, alhali sunan ya sa kana miƙa hannu.

Masu tsohuwar manhajar waya su lura, Delphi 10.4 na 2020 ya cire ARC, tsarin da ke gogewa da kansa, daga abubuwa a Android da iOS, gogewa ta koma wuyanka kamar a Windows.

Wajen gwaji, sa ReportMemoryLeaksOnShutdown := True a farkon fayil ɗin dpr, wato babban fayil ɗin manhajar, ka buɗe kowane shafi ka rufe, sannan ka fita ka karanta sunayen azuzuwan da suka rage. FastMM4, mai kula da memori, in an kunna masa FullDebugMode yana nuna inda aka ƙirƙiri abin, amma yana rage gudu sosai, don haka a kashe shi kafin a kai wa mai injin.