Giyar otomatik ta fara gardama: kwamfuta ko kunnen bakanike?

Masu tsofaffin motoci suna yawan tambayata: in giya ta fara jinkirin shiga ko tana fizga, a jona wa motar kwamfuta ne ko a kai wa gogaggen bakanike ya duba?

Kwamfuta ta fi sauri. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da ramin OBD-II, wato inda ake jona kwamfutar ta karanto lambobin matsala, kuma lambar P0700 na nuna akwai matsala a ɓangaren giya. Kwamfuta ta ƙware wajen kama sensa ko wayar da ta lalace. Sai dai ƙananan na'urori masu arha galibi inji kawai suke karantawa, kuma lamba ba ta cewa a sauke giyabos, ko da mai gareji ya ce haka.

Bakanike kuwa zai zaro sandar awon man giya ya goga a farin ƙyalle. Ja mai haske, lafiya lau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, faifan kulochin ciki sun cinye. Sannan ya hau titi ya saurari canjin giya. Haɗarinsa ɗaya ne: in hannunsa bai faɗa ba, canki-canka zai yi da kuɗinka.

Wanda fitilar gargaɗi ta gaban direba ta kama masa, ya fara da kwamfuta. Mai motar da ta girmi 1996, ko wadda giyarta ke sulluɓewa ba fitila, bakanike ya fi dacewa da shi.