Wata shida ina ganin likitar ƙwaƙwalwa kan waswasi, ga yadda na same su

Ni dai tun ina budurwa alwala ɗaya sai ta ci min buta uku, in wanke hannu in ce ai ruwa bai taɓa gwiwar hannu ba in koma farko, da hunturu har yatsuna tsagewa suke, sallar magariba kuwa in ta maimaita kabbarar harama har a kira isha'i. An min ruƙiyya, na sha rubutu, abin dai na nan. Ƙawata nas ce ta matsa min, na tafi asibiti wurin likitar ƙwaƙwalwa cikin niƙabi wallahi don kar wani ya gan ni a ce na taɓu.

Likitar ta zauna ta saurare ni ba gaggawa, ta ce sunan ciwon OCD, tunani ne ke faɗo miki ba ki gayyace shi ba, sai ki yi wani abu don ki ji sanyi, to wannan sanyin na ɗan lokaci shi ke ƙara wa ciwon ƙarfi. Ta ɗora ni kan maganin fluoxetine ta ce kar in sa ran ganin canji sosai kafin sati 8 zuwa 12. Satin farko tashin zuciya da rashin barci, saura ƙiris in watsar.

Amma abin da ya fi min aiki ERP ne, wato a sa ki fuskanci abin da kike tsoro kuma a hana ki maimaitawa. Ta ce "Malama, yi alwala sau ɗaya ki ajiye butar nan." Na ajiye, hannuna na rawa, zuciyata na ihu ba ta yi ba ba ta yi ba, ita kuma tana ta tambayata tsoron ya kai nawa cikin 10. Daga 9 ya sauko 5 ban taɓa butar ba, na fashe da kuka. Har ta tuna min hadisin mai shakka cikin sallah, cewa kar ya katse sai ya ji sauti ko wari.

Inda suka gaza, layi. Ki zo ƙarfe 7 ba za a gan ki ba sai azahar, sau biyu kuma aka ɗage min rana ba wanda ya kira ni, ga magani wani lokacin babu a famasinsu sai kemis da tsada. Duk da haka ban fasa zuwa ba.

Waswasin bai tafi duka ba, ranar da na gaji yakan leƙo. Yau da asuba dai rabin buta ya ishe ni.