Kwamfuta ɗaya a gida, yaro na son gem: wace hanyar kullewa ce ta fi maka?

Kafin ka kashe ko kwabo, ka sani Windows ba ta da maɓallin da za ka danna ta ce "gem kawai". Hanyoyin da ake da su duk kewaye ne, kuma wasu sun fi wasu wahala.

Matakin farko kyauta ne, kuma in ka tsallake shi sauran duk aikin banza ne: ka buɗe wa yaron ko ƙanen naka asusunsa daban, nau'in Standard, kai kuma ka riƙe na admin, mai cikakken iko, da kalmar sirri. Yawancin kwamfutocin hannu da ake saye a kasuwa suna zuwa da asusu guda, na admin, ba ko kalmar sirri. Mai asusun Standard ba zai iya sa manhajar da ke taɓa tsarin kwamfutar ba, ba zai leƙa fayilolinka ba. Amma burauza da YouTube suna nan a buɗe.

Daga nan sai Microsoft Family Safety, wadda ita nake ba yawancin iyaye shawara. Tana aiki a Windows Home da Pro, ba a biyan kuɗi. Kana yanka masa lokaci, misali awa ɗaya bayan la'asar, kana toshe manhajoji, kana hana gem ɗin da ya fi shekarunsa, duk daga wayarka. Rauninta uku ne. Toshewar ɗaya bayan ɗaya ake yi, wato sai ka riƙa bi kana rufe abin da ba ka so, maimakon ka ce ga uku da na yarda da su. Sannan tace shafukan intanet a burauzar Edge kaɗai yake aiki. Kuma dole yaron ya shiga da asusun Microsoft, kwamfutar ta riƙa hawa intanet don ta karɓi sabon umarninka.

Akwai masu cewa ka sayi Windows Pro saboda tsarin kiyos, wanda ke kulle asusu a kan manhaja guda. Duba tukuna, don tsofaffin kwamfutocin ofis irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook galibi da Pro suke zuwa. Ko da kana da ita, kiyos mai sauƙin saitawa manhajojin Microsoft Store da Edge yake karɓa, gem ɗin da aka sa ta wata hanya ba zai bayyana ba. Na manhajoji da yawa kuwa sai ka rubuta fayil ɗin saiti da hannu. A ganina bai kai a biya kuɗin Pro dominsa ba.

In gem ɗin a Steam suke, wato manhajar da ake saye da buga gem a kwamfuta, tsarin Steam Families da ya fito a 2024 yana ɗaukar mutum shida, kuma shi ne ke ba ka damar zaɓar gem ɗin da yaro zai gani, ka rufe masa shago da hira da baƙi. Sai dai ikonsa a cikin Steam ya tsaya, don haka haɗa shi ake yi da Family Safety.

Manhajojin kuɗi irin su Qustodio da Norton Family biyan shekara-shekara ne. Sun dace da gidan da ke da wayoyi da kwamfutoci da dama, ba kwamfuta guda ba.

Wanda kuwa yake nufin gem zalla, kuma kwamfutar da ita yake neman abinci, gara ya raba gari: ya sayi na'urar gem wadda aka taɓa amfani da ita, PlayStation 4 ko Nintendo Switch, dukansu suna da saitin iyaye. PlayStation 4 na karɓar faifai, abin da zai rage maka kuɗin data, saɓanin Xbox Series S da komai sai an sauke.

Duk wadda ka zaɓa a kwamfuta, ka sa kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke fara tashi kafin Windows, ka hana tayar da ita daga filash, domin yaro ɗan shekara 13 mai wayo da filash ɗaya zai tsallake duk saitin da ka yi a Windows.