Binciken ruwa da Terrameter kafin haƙa burtsatse: kuɗin da ya cancanci a kashe

A Kano, Zariya, Kaduna da yawancin Bauchi, dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa. Ruwa yana taruwa ne a inda dutsen ya rube ko ya tsattsage, shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa a mita 35, kai kuma ka haƙa 70 ka tashi da ƙura. Aikin masu binciken ruwa shi ne rage wannan caca tun motar haƙa ba ta shigo unguwa ba, kuma na'urar da aka fi yarda da ita ita ce ABEM Terrameter, ƙirar Suwidin.

Ana kafa ƙarafa huɗu a layi ɗaya. Biyu na waje suna tura lantarki cikin ƙasa, biyu na ciki suna auna yadda ƙasar ke tare shi. Ana ta matsar da na wajen, sau da yawa har mita 100 kowane ɓangare, domin gwargwadon nisansu, gwargwadon zurfin da awon zai kai. Ana auna yadda ƙasar ke tare lantarkin da ma'aunin ohm-mita. Idan awon bai kai 20 ba, galibi laka ce: tana da danshi amma ba ta sakin ruwa. Sama da 1,000 dutse ne zalla. Rubabben dutse mai ruwa yana tsakani, kuma kaurinsa ake nema.

Na'urar tana da aminci, batirinta na jure aikin yini. Matsalar tana wajen masu riƙe ta. Wasu su auna wuri ɗaya tak, a daidai inda mai gida ya nuna, su rubuta "akwai ruwa". Wannan ba bincike ba ne. A auna wurare uku aƙalla a kwatanta. A cikin gari kuma, bututun ƙarfe da ke binne, wayar shinge da manyan wayoyin wuta duk suna gurɓata awo, sannan gidan da aka shafe da siminti ba shi da filin shimfiɗa waya mita 200. Da rani ƙasa kan bushe har lantarki ya ƙi shiga, sai an zuba ruwan gishiri a gindin ƙarafan. Wanda bai yi haka ba, lambobinsa ba abin dogaro ba ne.

Terrameter ba ta faɗin yawan ruwa ko ɗanɗanonsa. Sai bayan an haƙa, an yi gwajin ja da famfo na sa'o'i, an kai ruwan ɗakin gwaji. A wuraren yashi irin su Maiduguri, amfaninta ya fi karkata ga sanin zurfin da za a sa bututu mai raga.

Kuɗin binciken kaɗan ne idan aka gwama da na rami busasshe, don haka ina ba da shawarar a yi shi, amma da sharaɗi. A karɓi rubutaccen rahoto mai ɗauke da lambobin awo, zanen shimfiɗun ƙasa, zurfin da ake hasashe da sa hannun masanin. Wurin ya yi nesa da shadda da aƙalla mita 30. Sannan a rubuta cikin yarjejeniya da ɗan kwangila wanda zai ɗauki asara idan ba a samu ruwa ba, da zurfin da za a tsaya a sake shawara kafin a ci gaba da haƙa.