Mai gyaran rediyo na bayan kasuwar Dole ya tayar min da Bush ɗin babanmu

Jama'ar Damagaram in kuna da tsohuwar rediyo a ɗaki don Allah kar ku ba 'yan gwangwani, ni dai na ga abin da ya faru da tamu. Rediyon marigayi babanmu ce, Bush, daga Kano ya sayo ta tun kafin a haife ni, da ita yake jin BBC Hausa da asuba yana kan buzu, bayan rasuwarsa ta yi shiru aka jefa ta ƙarƙashin gado sai ƙura da yanar gizo. Yara biyu masu gyaran salula na kai wa, kowa ya juya ta ya ce wannan ai sai a bola.

Sai wani ɗan kabu-kabu ya kai ni wajen wani dattijo a bayan kasuwar Dole, rumfa ce 'yar ƙarama, ko allo babu. Yana buɗe bayan rediyon ya hura ƙurar ya ce ɗana wannan aikin Ingila ne, zauna. Ya nuna min inda ruwan tsohon batir ya ci waya, da zaren da ke jan allurar tasha wanda ya tsinke, ya ɗaura sabo da hannunsa yana murɗawa a hankali allurar na tafiya, wallahi sai da ƙwalla ta zo min. Jika huɗu ya karɓa, ban ko yi ciniki ba.

Daga baya na bi tarihin kamfanin nan saboda abin ya tsaya min a rai. Ashe a Landan aka kafa shi a 1932, sunan ma daga unguwar Shepherd's Bush ya samo. A 1945 kamfanin Rank ya mallake shi, a 1962 aka haɗe shi da kamfanin rediyo na Murphy, suna ƙera rediyo da talabijin a masana'antarsu ta Plymouth. Da kayan Japan suka cika kasuwa sai da Rank ya haɗa kai da Toshiba a 1978, abin bai ɗore ba. Sunan ya yi ta canza hannu, kamfanin Alba ya saye shi, a 2008 kuma masu shagunan Argos na Ingila suka saye, to Bush na yau suna ne ake liƙa wa kayan da wasu masana'antu ke ƙerawa, tamu kuwa ta wancan zamanin ce da ake kwancewa a gyara.

Inda zan ɗan yi ƙorafi, dattijon ba ya sauri ko kaɗan, ya ce jibi sai da na yi sati biyu ina zarya cikin ranar nan, kuma ba ya ɗaukar waya. Amma aikinsa tsaf. Jiya da daddare na sa mata batir a tsakar gida, tana fara shuuu inna ta leƙo daga ɗaki ta ce wa ya kunna rediyon Malam?