Layin fenti ko jajayen fitilu a bakin titin jirgi?

Kafin titin tashin jirgi akwai layuka huɗu masu ruwan ɗorawa: biyu a haɗe, biyu a tsintsinke. Matuƙin da ya zo ta wajen haɗaɗɗun ba ya tsallakawa sai hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta ba shi izini. Fenti ba ya buƙatar lantarki, amma yana koɗewa, hazo ma yakan ɓoye shi. A filin jirgin Linate na Milan, a 2001, alamomi marasa inganci na cikin dalilan karon da ya kashe mutum 118.

Jajayen fitilun da ake binnewa a kwalta sun fi kama ido. Muddin suna ci, tsayawa dole ne, ko an ce ka wuce. Ni su na fi yarda da su. Sai dai akwai tsada, kuma daren da jirage biyu suka yi karo a filin jirgin Haneda na Tokyo a 2024, a kashe suke.