Gidan sauro, igiyar leko ko na fesawa: wanne ya kamata ka fara saye?

Da damina ta kankama a Kaduna, musamman cikin Agusta, kowa sai ya nufi kasuwa neman maganin sauro. Kafin ka zaro kuɗinka a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci, ka fara sanin sauron da kake yaƙi da shi, domin iri-iri ne. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake farauta. Amma akwai wani baƙi mai zanen fari a ƙafafu, ana ce masa Aedes, shi da rana yake cizo, galibi da hantsi da kuma bayan la'asar. Shi ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi, cututtukan da idan suka yi tsanani kan sa mutum zubar da jini. Shawara ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 daga jihar Kwara, an kuma tabbatar da dengi a Sakkwato a 2023.

A ganina gidan sauro mai magani shi ne farkon saye. Yakan yi kusan shekara 3 idan ana kula da shi, ba hayaƙi, ba kashe kuɗi kullum. Ka duba ledarsa a rufe take, ka tabbata mai magani ne, ka kuma auna da girman katifarka don ya isa a cusa bakinsa a ƙarƙashi. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga, saboda ƙaiƙayin fuska. Gazawarsa ɗaya ce: sai kana ciki yake tsare ka. Uwargida da ke tsakar gida tana wanke-wanke da hantsi ba ruwansa da ita. Jariri kuwa ko barcin rana ne a sa shi ciki.

Igiyar leko ta fi araha, amma kullum sai an saya, kuma hayaƙinta na wahalar da mai asma da ƙananan yara. A bar ta a baranda ko zaure. Na fesawa irin su Raid da Mortein yana kashe na cikin ɗaki nan take, sai dai gobe wasu za su shigo idan taga ba raga. Shi ya sa na fi son mutum ya tara kuɗin gwangwani uku-huɗu ya kira kafinta ya buga masa raga a tagogi da ƙofa.

Fiya-fiya kam ina roƙonka ka bar ta. Guba ce ta kashe ƙwarin gona da ake ɗurawa a kwalabe ba takarda, ba ma'auni, yaro kuma na iya ɗauka ya kurɓa.

Don sauron rana, man shafawa mai sinadarin DEET ya fi dacewa, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya wadatar. A shafa a hannu da ƙafa, a kauce wa ido da baki, kada kuma a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Ka haɗa da murfin randa da na duro, domin wannan sauron a ruwa mai tsabta yake ƙwai: tsohuwar taya, gwangwani, kaskon ruwan kaji. A zubar a wanke duk mako.

Rigakafin shawara kyauta ake yi wa yara a wata 9 a asibitocin gwamnati, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka duba katin yaranka. Zazzaɓin Lassa kuwa ɓera ke kawo shi, duk abin da na lissafa ba ya hana shi, sai rufe abinci da toshe ramuka. Idan zazzaɓi ya zo, gwaji ya nuna ba maleriya ba ce, kada a sha asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. A tsaya kan farasitamol a garzaya asibiti.